Fari Iri Biyu

Shafi na 23

Masu tambaya ko na manta da Mai Labule, ban manta ba. Tana nan a zauren biki, a gindin tsani.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Dogo, ma'aikacinta, ya soka fil na ƙarshe a saman dandamalin amarya. Ya sauko daga tsani, ya goge hannu a wando, ya tsaya yana kallon takalminsa.

Mai Labule ta ja da baya taku bakwai, ta harɗe hannuwa, ta karkatar da kai. Shekara ashirin da shida tana ƙawata wuraren biki, wannan tsayuwar tata har ta yi suna. Iyayen amare kan yi tsit idan ta yi ta. Ana cewa daga nan take hango yadin da ya karkace da faɗin yatsa ɗaya.

Abin da ta hango yau wani haske ne mai faɗi, mai ɗan rawaya, kamar mai leƙe ta gilashin da aka shafa wa mai.

"Ya yi," ta ce.

"To," in ji Dogo.

Wata goma sha huɗu ke nan da likitan ido ya gaya mata cewa yanar ido ta fara rufe mata idanu duka biyun. Ta yi masa godiya, ta ninke takardar, ta tura ta ƙasan akwatin almakashi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Hannunta bai manta aiki ba, tana iya tattare yadi falle goma ido a rufe, kuma kusan haka take yi ɗin. Kala ce ta gudu ta bar ta. Sai ta ƙirƙiro dabara. A kusurwar kowane yadi ta ɗinka ƙullin zare, ƙulli ɗaya fari sol, ƙulli biyu ruwan madara. Ta shafa da babban yatsa, ta ba da umarni, mutane su ce kai, wannan mata akwai ido.

Jiya sabon mai wankinta ya kawo yadin, an goge, an ninke, har da murmushi.

"Na ware miki su ɗauri biyu, kowa da ɗan'uwansa," ya ce. "Na kuma ga wasu zarurruka suna reto a bakin yadin, duk na bi na yanke miki. Ni ba na son aikin ƙazanta."

Mutumin kirki ne. Irinsu ne ke kashe mutum.

Da safe ta ce wa Dogo ya ɗauko ɗaurin ruwan madara, shi uwar amarya ta zaɓa. Dogo ya duba, ya ɗauko wanda na samansa ruwan madara ne. Falle ashirin da huɗu suka rataya, ita tana tattarowa tana miƙa masa, shi yana sokawa.

Ƙofar baya ta buɗe. Auta ta shigo da baya-baya, tana jan bokiti biyu cike da furen wardi. Ƙanwar Mai Labule ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta arba'in da huɗu, tana da jika, amma har yau Auta. Tun da suka haɗa sana'a aka raba gari: Yaya yadi, Auta fure. Hannuwanta duk tabon ƙaya ne.

Ta ajiye bokitan, ta juyo, ta ɗaga kai.

Mai Labule ba ta son shirun Auta, don ba ta cika yin sa ba.

"Kin makara."

"Yaya."

"Ki fara jiƙa sosonki na fure, teburi arba'in ne."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Dandamali. Amarya da ango ake zaunarwa a kai. Shekara goma sha tara kina ganinsa."

"Gwaji kike yi?"

"Gwajin me?"

Auta ta miƙa yatsa tana ƙirgawa a hankali, kamar mai karanta sunayen waɗanda hatsari ya rutsa da su.

"Madara. Madara. Fari. Madara. Fari. Fari. Madara..." Ta sauke hannu. "Tara farare ne a cikin ashirin da huɗu. Ba ma a jere ba. Kamar bakin tsohon da aka sa wa sababbin haƙora aka gaji a hanya."

Sai yanzu Mai Labule ta gane me mai wanki yake nufi da kowa da ɗan'uwansa. Dogaye da dogaye, gajeru da gajeru.

Fuskarta dai ba ta motsa ba. Ta daɗe tana horar da ita.

"Hasken tagar nan ne ke yaudarar ki."

"Dogo," Auta ta ce, "kai ba ka gani ba?"

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun falle na uku."

"Me ya hana ka magana?"

Dogo ya sosa furfurar gemunsa.

"Shekara goma sha biyu ina hawa tsanin nan. Sau ɗaya na taɓa yin magana a kan kala."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ban ƙara ba."

"Je ka shigo da sauran bokitan daga mota. Kada ka yi sauri," in ji Auta.

Ya fita da saurin da bai taɓa yi ba.

Zauren ya rage su biyu, da kujeru ɗari huɗu sanye da riguna, da yadin rufi da ya taso daga fitilar tsakiya ya bazu zuwa bango. Biki ƙarfe huɗu.

Auta ta matso.

"Nuna min fari guda ɗaya."

"Ba ni da lokacin wasa."

"Guda ɗaya, Yaya. In kin nuna, in durƙusa in ba ki haƙuri."

Mai Labule ta hau dandamalin. Ta san babu komai a kusurwar yadin, ita da kanta ta lalube su da safe. Amma yatsa ba ya jin magana. Ta tsinci kanta ta sunkuya, ta kama bakin falle na farko, tana murza shi. Ta saki, ta kama na biyu.

"Me kike lalube?"

"Ƙura nake kaɗewa."

"Da babban yatsa?"

Mai Labule ta saki bakin yadin.

"Ƙulle-ƙullen nan," Auta ta ce a hankali. "Na sha ganin su. Na ɗauka wani ya ba ki laƙanin kasuwa ne kika ɓoye min." Ta zauna a bakin dandamali. "Ashe karatu kike yi."

"Rage murya."

"Babu kowa sai kujeru."

"Kujeru ma ki rage musu."

"Wata nawa?"

Mai Labule ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta.

"Sha huɗu."

"Duka biyun?"

"Na hagu ya fi."

"Yanzu ni da nake nan, me kike gani?"

"Mace. Gajera. Mai surutu."

Auta ba ta yi dariya ba. Tana lissafin watanni a kanta, kuma Mai Labule ta san inda lissafin zai tsaya.

"Bikin 'yar alƙali," Auta ta ce. "Wata takwas ke nan."

"An wuce wurin."

"Ke kika wuce. Ribon kujeru ɗari uku. Matar alƙalin ta ce ruwan toka, aka wayi gari da shuɗi. Ke kika shiga sito kika ɗauko kwalin, ni ɗaurawa kawai na yi, don kin ce an canza shawara. Da matar ta zo tana ihu, me kika ce mata?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Kika ce, ki yi haƙuri, ƙanwata ce, kanta ba ya riƙe abu."

"Ai an biya buƙata. Ta huce."

"Na durƙusa mata, Yaya. A gaban masu girki. Gwiwa biyu."

"Na gani."

"Ba ki gani ba. Shi ne ai maganar."

Mai Labule ta haɗiye wannan. Da ɗaci, amma an auna shi daidai.

"Na koma gida ina tambayar kaina ko ni ce na fara ruɗewa," Auta ta ci gaba. "Na sayi ɗan littafi ina rubuta duk abin da kika ce. Mijina har ya ce in je a duba min kai."

"To kin ga dalili. Da na faɗa miki, da kin faɗa wa mijinki. Mijinki kuwa gidan rediyo ne, har da maimaici da yamma."

"Kada ki sako shi."

"Na cire shi."

"Me likita ya ce?"

"Aiki."

"To?"

"To me? Haka aka ce wa Baba. Ya shiga da ido ɗaya da rabi, ya fito yana tambayar wa ya kashe fitila."

"Shekara talatin da suka wuce! Yanzu minti ashirin ake yi, mutum ya koma gida da ƙafarsa."

"Ya koma da faci a ido. Sati shida ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya. A ga Mai Labule da faci a ido. Kin san me ake nema a wurina? Kowa na da yadi, Auta. Yaran nan masu kallon waya su kwaikwaya, yadinsu ya fi nawa sabunta. Ido ake nema. Ranar da aka ji babu shi, sai dai in koma ɗinkin labulen tagogi."

"Shi ne kika gwammace a ce ni ce ba ni da kai."

"Ke ba kai ake nema a wurinki ba."

Ta ji yadda maganar ta fita. Ta so ta bi ta ta kamo, amma ba ta saba ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

Auta ta tashi. Ta je wurin bokiti, ta zaro wardi ɗaya, ta sa wuƙa ta kankare ƙayoyin, ta yanke gindin a karkace, ta mayar cikin ruwa. Ta zaro na biyu. Haka take yi idan ranta ya ɓaci, fure ke shan wahala.

"Ga yadda za a yi," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Sauran ruwan madarar suna cikin ɗaya ɗaurin. Gajeru ne, amma zan rufe ƙasansu da fure, ba wanda zai sani. Dogo ya sauke tara, ni in zaɓa, ke ki tattara. Awa biyu da rabi. Uwar amarya sai ƙarfe biyu za ta leƙo."

"Madalla. Kira shi."

"Ban gama ba."

"Af."

"Daga yau ni ke zaɓen kala, kuma da bakinki za ki faɗa wa Dogo. Ranar Litinin mu je wurin likita. Sannan ki kira matar alƙali ki gaya mata wa ya ɗauko kwalin."

"Biyun farko a yi magana. Na ukun, ki manta."

"Na ukun ne nawa."

"Kina so in ɗauki wuƙa in ba wa matar nan, in nuna mata wuyana."

"Ina so a mayar min da gwiwoyina."

"Auta, ni na goye ki."

"Kin faɗa. Duk shekara kina faɗa. Na sauka tuntuni, ke ce ba ki ji bayanki ya yi sauƙi ba."

A waje aka rufe ƙofar mota. Ba irin rufewar motarsu ba, wadda sai an yi mata sau biyu. Wannan sau ɗaya ce, mai taushi.

Dogo ya leƙo da bokiti a kowane hannu.

"Uwar amarya," ya ce, ya koma da bokitansa.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi. Masu zuwa da wuri ba su taɓa kawo alheri ba a wannan sana'a.

Turarenta ya riga ta shigowa, sai ƙarar takalmi, sai ita. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata da Mai Labule ta yi wa hidimar biki goma sha ɗaya, kuma a ƙiyasinta akwai sauran 'yan mata talatin da wani abu a gidajen 'yan ƙungiyar da ba a kai ga aurar da su ba. Wayar matar ba ta barin hannunta. Labari kan shiga wayar nan da hantsi, kafin azahar ya gama gari har ya dawo da ƙari.

"Sannunku da aiki! Na ce bari in biyo in ga..."

Takalmin ya tsaya.

Mai Labule ta taro ta da fara'a, tana bin inda muryar take.

"Hajiya, barka da zuwa. Ina gajiyar hidima?"

"Mai Labule."

"Na'am."

"Wannan fa?"

A shekara ashirin da shida ba ta taɓa rasa amsa ba. Ta taɓa gaya wa wata uwar ango cewa rufin da ke yoyo salo ne. Yau ta buɗe baki, babu kowa a ciki.

"Gwaji ne, Hajiya."

Muryar Auta ce, daga wurin bokitai, a natse.

"Gwaji?"

"Yaya ce ta ce ba za ta yarda da kala a baki ba. Ruwan madara iri-iri ne, wani yana kashe rigar amarya a hoto. Shi ne ta sa aka rataya biyun a gauraye, a ga yadda hasken zauren ke faɗa musu. Ƙyallen rigar muke jira. Yanzu muke cewa a kira ki."

Ƙarya ce mai kyau, an tattare ta, an soke ta da fil. Mai Labule ba ta san Auta ta iya irin wannan ɗinkin ba, kuma har cikin ranta ta ɗan ji haushin hakan.

Uwar amarya ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa ƙirji.

"Kai, har gabana ya faɗi. Ka ji aikin manya! Shi ya sa nake gaya musu a ƙungiya, ku bar yaran nan, ku je wurin mai ido. Kun ci sa'a kuwa, daga wurin tela nake, ƙyallayen suna jakata."

Ta zuge jakar. Aka ji makullai, aka ji kwalba ta bugi kwalba.

"Jakar nan sai ka ce sito. Riƙe min waya... a'a, bar ta. Bari in ga. Wannan..."

Wani abu mai sheƙi ya fito a hannunta.

A nan ne ya kamata Mai Labule ta tsaya ta jira. Amma an kira ta mai ido a gaban Auta, kuma minti biyar da suka wuce Auta ta shimfiɗa mata sharuɗɗa kamar mai ba da hayar ɗaki. Ta ga hanyar da za ta karɓe wurinta. Ta tuna sarai, daga bakin Auta, cewa falle na farko madara ne, na uku fari. Abin da ya rage wasan kwaikwayo ne, shi kuwa ta iya.

Ta miƙa hannu ta zare ƙyallen daga yatsun matar.

Satin ne mai nauyi, mai santsi. Shi ne dai wanda aka nuna mata wata biyu da suka wuce, yatsunta suka shaida shi nan take.

"Yaya," Auta ta ce.

"Ina zuwa."

"Yaya, bari Hajiya ta gama..."

"Ki ji da furenki."

Ta hau dandamali. Ta ɗora ƙyallen a jikin falle na uku, ta karkatar da kai, ta girgiza shi.

"Kin gani, Hajiya? A kan fari sol, rigar za ta fito kamar an daɗe da ajiye ta. Mai hoto zai yi ta fama, ƙarshe a ce telan ne."

Ta matsa zuwa falle na farko. Ta shimfiɗa ƙyallen a kai, ta shafe shi da bayan hannu, ta ja da baya.

"Amma nan fa? Duba da kyau. Ina ƙyallen yake, ina labulen yake? Sun zama abu ɗaya. Kamar daga bandir ɗaya aka yanko su. Ko ni da nake wannan aiki, sai na matso nake rabe su."

Ta juyo tana jiran abin da aka saba yi mata a irin wannan wuri.

Ba a yi ba.

Wani wuri a bayan zauren ruwa na ɗiga daga bokiti zuwa tayil. Wuƙar Auta ta daina kankara.

"Abu ɗaya," uwar amarya ta maimaita.

"Ɗaya."

"Mai Labule, wannan na ƙawayen amarya ne."

Mai Labule ta juya ƙyallen a hannunta.

"Yadi ɗaya muka saya musu, kala ce ta bambanta. Ruwan hoda ne a hannunki. Na amaryar ga shi nan, ban ma fito da shi ba."

Mai Labule ta dubi abin da ke hannunta. Ya yi mata kama da labulen. Ya yi mata kama da bango, da rigunan kujeru, da tafin hannunta.

"Hasken..." ta fara.

"Hasken lafiyarsa ƙalau."

Aka zuge jakar a hankali. Takalmin ya taka sau uku, ba zuwa dandamali ba, zuwa wurin bokitai. Muryar ta sauya, ta yi laushi, irin laushin da ake yi wa shaida.

"Ke, ƙanwar. Ke na ga kina da kunya. 'Yata ɗaya ce, bikinta ɗaya ne, saura awa huɗu. Kuma ina da mata sittin da ke jin maganata. Ki dube ni ki faɗa min gaskiya."

"Ina jin ki, Hajiya."

"Yayarki tana gani kuwa?"

Mai Labule ta juya tana neman fuskar Auta. Tun Auta na cikin zani take karanta fuskar nan, ta san yadda take yi in za ta rufa asiri, ta san yadda take yi in ta gaji. Taku goma ne kawai tsakaninsu.

Ta ƙura ido har ya kawo ruwa. Inuwa biyu ta gani a tsaye, ɗaya doguwa, ɗaya gajera.

Gajerar ta ajiye wuƙa a bakin bokiti, ta share hannu a zani, ta gyara murya.